Shayin Kan Tsauni: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Gombe

Sana'ata sayar da ganyen shayi da kayan haɗinsa a cikin garin Gombe, kuma kullum bayan La'asar akan shimfiɗa tabarma a ƙofar shago a ɗora buta. Tun da na fara ajiye ganyen da ake nomawa a kan tsaunuka, tambayoyin nan ne suke ta dawowa: daga samari masu ataya, daga alhazan da suka zo da gwangwanaye cikin tsaraba ba su san yadda za su yi da su ba, har da matan aure da ke aiko yaro da 'yar takarda. Na tattara su wuri guda, na sa wa kowace lamba, don idan wata amsa ta jingina da wata a san inda za a koma.

1. Malam, wai mene ne shayin tsauni? Wata bishiya ce ta daban?

Bishiya ɗaya ce. Duk shayi na ainihi, baƙi ne ko kore, na jaka ne ko na gwangwani, daga tsiro guda yake fitowa, wanda masana ke kira Kameliya sinensis. Zoɓo da na'a-na'a da citta muna dafa su mu ce shayi, amma ba danginsa ba ne. Tsiron yana da manyan jinsi biyu: na ƙasar Sin, mai ƙananan ganye da jure sanyi, da na Asam a Indiya, mai faffaɗan ganye da son zafi da laima.

Inda gonar take shi ya sa ake cewa na tsauni. A Siri Lanka har iyaka suka yanka: ganyen da aka noma sama da mita 1,200 daga doron teku shi ne na tudu, tsakanin 600 da 1,200 na tsakiya, ƙasa da haka na kwari. A Taiwan daga mita 1,000 ake fara kiran ganye na tsauni. Don a gane nisan, garin Bauchi yana kan mita 600 da 'yan kai ne, Gombe kuwa ba ta kai haka ba.

2. To me tsayin wuri yake ƙara wa ganye?

Jinkiri yake sa masa, kuma daɗin duk a cikin jinkirin nan yake. Kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan sauka da kamar digiri 6. A cikin sanyi bishiyar ba ta gaggawar toho. Ganyen da a kwari zai fito ya buɗe nan da nan, a kan tsauni sai ya daɗe yana tara abin da ke cikinsa. Duk wanda ya ci kazar Hausa da ta shekara tana kiwo a tsakar gida, sannan ya ci ta gidan gona da aka hura cikin sati shida, harshensa ya riga ya san wannan magana. Nama ne duka, amma romon ba ɗaya ba.

Sai hazo. A irin waɗannan wurare gajimare yakan sauko ya kwanta a kan gona tun asuba, wani lokaci har hantsi, ya rage wa rana kaifi. Akwai wani sinadari da ake kira tiyanin, wanda saiwar bishiyar ke haɗawa ta tura wa sabon toho. Shi ke ba shayi laushi da wani ɗan zaƙi mai kama da na romo. Idan rana ta daki ganye sosai, tiyanin ɗin yakan rikiɗe ya koma katekin, su kuwa su ne masu bauri. Manoman Japan sun gane haka har suna lulluɓe wasu gonakinsu kusan sati uku kafin tsinka, su yi wa ganyen inuwa da hannunsu. A kan tsauni Allah ne ya yi inuwar.

Daren tsauni kuma sanyi gare shi ƙwarai, saboda haka abin da ganye ya tara da rana ba ya ƙone shi da dare. Ga gangare: ruwan sama na sauka da yawa amma ba ya kwanciya, shi kuwa shayi yana son ruwa a kai a kai, ba ya son saiwarsa ta zauna cikin taɓo.

3. Na saya, na haɗa, ban ji komai ba sai ruwan zafi mai ɗan launi. Ina daɗin da ake faɗa?

Ita ce tambayar da na fi so a yi mini. Harshenmu ya saba da shayin da ke sallama da ƙarfi: kauri, sukari cokali uku, madara, citta mai yaji. Shayin tsauni a hankali yake magana, kuma ba lokaci ɗaya yake faɗin duk abin da ke bakinsa ba. Kafin ka kurɓa, kai kofin hancinka, ka kuma shaƙi jiƙaƙƙen ganyen da ke cikin buta. Ka kurɓi kaɗan ka bar shi ya zaga baki. Ka haɗiye, ka rufe baki, ka fitar da numfashi ta hanci. A nan ne ƙamshi na biyu yake tasowa, sau da yawa ba irin na farko ba. Kada ka sha da zafinsa na ƙuna. Yayin da yake hucewa ne ɗanɗanon ke buɗewa, har kurɓar ƙarshe takan fi ta farko.

Hausa tana da kalmomin da ake buƙata, sai dai mu daina cakuɗa su. Ɗaci shi ne na shuwaka da na maɗaci, a bayan harshe ake jinsa. Bauri shi ne wannan kamewar baki da ɗanyar kanya ke yi, kamar an goge yawun. Garɗi kuwa na gyaɗar da ta soyu daidai ne. Shayi mai kyau yana da ɗan ɗaci da ɗan bauri, amma ba sa zama. Suna wucewa su bar zaƙi a maƙogwaro. Mutanen Sin har suna suka ba wannan abu, wato zaƙin da ke dawowa.

Wani dattijo da ke zama tare da mu, mai cin goro ne tun samartaka, na taɓa zuba masa ulon ɗin Taiwan, wani shayi da ke tsakanin kore da baƙi, ba sukari. Ya kurɓa ya yi shiru, ya sake kurɓa, can ya nemi ruwan sanyi ya sha. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ai halin goro gare shi. Sai ka sha ruwa a kai kake jin zaƙinsa." Duk bayanin da nake yi wa mutane ban taɓa yin wanda ya kai nasa ba. Idan ka gwada duk wannan har yanzu ba ka ji komai ba, duba amsa ta 10 da ta 11, domin laifin yakan zama na haɗi ko na ruwa.

4. Wannan ƙamshin fure da 'ya'yan itace, ba turare ake fesa masa ba?

A shayin tsauni na gaskiya ba a ƙara komai. Ganyen da kansa yana ɗauke da ɗaruruwan sinadaran ƙamshi, wasunsu irin waɗanda ke cikin furanni ne, kamar linalul da jeraniyol, kuma sarrafawa ce ke fito da su. Akwai dai shayin da ake sa wa ƙamshi da gangan, kuma ba ɓoyewa ake yi ba: Earl Grey man ɓawon wani lemo ake sa masa, shayin yasmin kuwa tare da furen ake kwantar da ganyen ya sha ƙamshinsa. Ƙamshin da aka sa daga waje yakan bugi hanci tun daga kwali, ya gudu a zubi na biyu. Na cikin ganye ba ya ihu, amma yana nan har zubi na huɗu.

Wani abin mamaki: a yankin Darjilin na Indiya da Taiwan akwai wani ɗan ƙwaro kore da ke tsotsar toho. Bishiyar, don kare kanta, sai ta fitar da wasu sinadarai, su kuma su ba shayin ƙamshin zuma da na busasshen inabi. Akwai manoman da ba sa fesa magani don kada su kore shi.

5. Kore, baƙi, ulon: mene ne bambancinsu tunda bishiya ɗaya ce?

Ka fasa goro ka ajiye, ba da jimawa ba fuskarsa za ta yi duhu saboda iska ta taɓa shi. Haka ganyen shayi yake idan aka murza shi. Mai son kore sai ya yi maza ya gasa ganyen a kasko ko ya turara shi, ya tsayar da wannan canji tun kafin ya fara. Mai son baƙi sai ya shanya ganyen ya yi yaushi, ya murza, ya bar shi ya sha iska har ya yi jajir, sannan ya busar. Ulon yana tsakani: akan girgiza ganyen gefensa kaɗai ya ƙuje, a bar shi ya ɗan canza, a tsayar a daidai inda gwanin yake so. Shi ya fi wuyar yi, kuma a ganina shi ya fi nuna abin da tsauni ke iya yi.

Akwai kuma bambancin cikakken ganye da dakakke. Wajen 1930 aka ƙirƙiro injin da ke daka ganye ya yayyaga shi ya dunƙule shi ƙanana, shi ne ake rubuta wa CTC. Irinsa ne ke cikin yawancin shayin jaka. Yana ba da launi da ƙarfi cikin minti biyu, yana ɗaukar madara, amma lallausan ƙamshin nan da yawansa a injin yake tsayawa.

6. Waɗanne wurare ne suka yi suna, kuma yaya ɗanɗanon kowanne?

Darjilin tana gindin tsaunukan Himalaya a jihar Bengal ta Yamma a Indiya, gonakinta daga kamar mita 600 har zuwa 2,000. Wani likita ɗan Birtaniya, Archibald Campbell, shi ya fara shuka irin ƙasar Sin a can a 1841. Bishiyar takan yi barci lokacin sanyi, ta farka a watan Maris. Tsinkar farko, ta Maris da Afrilu, ruwanta fatsi-fatsi ne, ga ƙamshin fure da ɗanyen ganye, ga ɗan bauri mai kaifi. Tsinka ta biyu, ta Mayu da Yuni, ta fi duhu da cika baki, kuma ita ce mai ƙamshin inabin da na ambata a amsa ta 4. Wanda ya fito daga shan baƙin shayi, ta biyun za ta fi yi masa daɗi.

Siri Lanka, wadda har 1972 ake kira Silon, da gahawa ta fara. Cuta ta cinye gonakin, aka koma shayi, wanda James Taylor ya fara nomawa a 1867. Na Nuwara Eliya, da ke sama da mita 1,800, mara nauyi ne, garau, kamar an ɗiga masa lemo. Na yankin Uba kuwa, idan busasshiyar iska ta kaɗa tsakanin Yuli da Satumba, yakan zo da wani sanyin ƙamshi mai kama da na'a-na'a. A Taiwan, tsaunin Alishan da na Lishan ke ba da ulon da ake dunƙulewa kamar ƙwayar wake. Ruwansa kore ne mai ruwan ɗorawa, yana da santsi a baki kamar an sa ɗan man shanu. A Sin akwai duwatsun Wuyi a lardin Fujiyan, waɗanda ba su da tsayi sosai, amma bishiyar a tsakanin duwatsu take tsirowa, kuma akan gasa ganyen a kan gawayi. Mai son garɗi, nan ne gidansa.

Kenya ta cancanci magana daban. Gonakin Kerico suna kusan mita 2,000, kuma ƙasar na cikin manyan masu fitar da baƙin shayi a duniya ta kasuwar gwanjon Mombasa. Amma da yake tana kan tsakiyar duniya, bishiyar ba ta barci, duk shekara tsinka ake yi, kuma kusan duka CTC ake yi da shi. Wannan ya nuna tsayi kaɗai ba ya yin shayi. Sai an haɗa da irin da aka shuka, da lokacin tsinka, da hannun mai sarrafawa.

7. Mu a Nijeriya muna da shayin tsauni kuwa?

Muna da shi, kuma maƙwabtanmu ne. Tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba ya haura mita 1,500, wato ko da ma'aunin Siri Lanka na tudu ne. A Kakara ake noman ganyen da ake sayarwa da sunan Highland Tea, kuma cibiyar binciken koko ta ƙasa tana da reshe a Kusuku inda ake aiki a kan shayi.

Na taɓa zuwa. Daga Gombe muka bi ta Kaltungo da Numan muka kwana a Jalingo, washegari muka wuce Bali da Serti, muka fara hawa daga Mayo Selbe. Hanyar tana ta nannaɗe dutse, kunne na toshewa, zafin da muka taso da shi yana ta zamewa daga jiki, har na ciro rigar sanyin da na ɗauka ina ganin ba za ta yi amfani ba. Da safe na tsaya a bakin gona, hazo ya rufe rabin gangaren, bishiyoyin an aske su daidai ƙugu kamar shimfiɗaɗɗen koren bargo, masu tsinka da kwanduna a baya, hannu biyu na aiki. Na tsinki toho ɗaya na murza a yatsa: ƙamshin ɗanyar ciyawa, da wani abu kamar fure a bayansa. Na tauna, ya yi ɗaci, muna tafiya mota sai na ji bakina ya yi zaƙi.

Abin da ke zuciyata tun ranar shi ne, wurin da ke ba da irin wannan toho zai iya ba da cikakken ganye da za a jera da na ko'ina. Hakan ba zai yiwu ba sai akwai masu saye a gida da za su nema, su kuma biya. Shi ya sa duk wanda ya zo shagona neman na waje, nakan haɗa masa da na Mambila ya gwada shi ruwan bunu.

8. Ba za a iya shuka shi a tsaunin Tula ko duwatsun Bauchi ba?

Da wuya ƙwarai. Shayi yana son ruwan sama sama da milimita 1,200 a shekara, kuma a rarrabe, da iska mai laima, da ƙasa mai tsami. Mu daminarmu wata biyar ce zuwa shida, sauran rani ne da hunturu mai busar da leɓe. Sanyin Tula yana da daɗi, amma busasshen sanyi ne, ba irin na hazon da na bayyana a amsa ta 2 ba.

9. Me ya sa yake da tsada haka?

Toho da ganye biyu na sama kaɗai ake ɗauka, da hannu, a kan gangaren da inji ba ya iya bi. Sai an tsinki kusan kilo 4 zuwa 5 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na busasshe. Bishiyar da ke girma a hankali kuma ba ta ba da yawa. Duk shayin Darjilin bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da Indiya ke nomawa ba. Ga kuɗin dala, ga na sufuri. Sai dai a riƙa lissafi da kofi: cikakken ganye ana zuba masa ruwa sau uku, ulon mai kyau har sau biyar ko shida, jakar shayi kuwa sau ɗaya ta gama aiki.

10. Yaya ake haɗa shi? A kan gawayi kamar ataya?

Kada ka dafa shi. Wannan darasi da asara na koye shi. Wani aminina ya kai mahaifiyarsa asibiti a Indiya, ya dawo mini da ƙaramin ƙunshin Darjilin tsinkar farko. Na kira abokai, na hura kurfoti, na zuba rabin ganyen a butar ataya, na bar shi yana tafasa, na yi ta ɗagawa ina zubawa don ya yi kumfa. Abin da ya fito baƙi ne mai kame baki, sai da muka cika shi da sukari. Sai daga baya, da na jiƙa ragowar yadda ya kamata, na gane abin da na ƙona. Har yau idan na tuna nakan ji ciwon ganyen nan, da na mutumin da ya ɗauko shi daga wata duniya yana cikin jinya.

Ga yadda ake yi. Ɗauraye butar da ruwan zafi ta ɗumama. Zuba ganye kamar giram 2 zuwa 3 ga kofi ɗaya mai mililita 200, wato cokalin shayi cike. Idan ganyen dogo ne mara nauyi, ƙara rabin cokali. Zuba ruwan zafin a kan ganyen, rufe, jira, sannan ka tace duka a kofi, kada ka bar ruwa kwance a kansa. Baƙin shayi na son ruwan da bai daɗe da sauka daga wuta ba, digiri 90 zuwa 95, minti 3 zuwa 4. Ulon ma haka, amma minti 2 ya isa a zubin farko. Kore da Darjilin tsinkar farko sun fi son kamar digiri 80, minti 2 zuwa 3.

Ba sai kana da ma'aunin zafi ba. Idan ka ga ƙananan ƙwayoyin iska kamar gero sun taru a gindin tukunya suna fara tasowa, ruwan ya yi wa kore. Ko ka tafasa, ka zuba kofi ɗaya na ruwan randa a kan kofi uku na tafasasshe. A kowane zubi na gaba ƙara rabin minti, kuma ka lura: na biyu sau da yawa ya fi na farko, domin a lokacin ne ganyen ya gama miƙewa.

11. Na bi duk wannan, amma sai wata yana ta taso a saman kofin, launin kuma ya dushe. Ganyen ne ya lalace?

Ruwan ne. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishirin ƙasa da yawa, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta kuma sabulu ba ya kumfa da shi sosai. Wannan gishiri yana haɗuwa da sinadaran shayi ya yi yanar nan, ya danne ƙamshi. Ruwan famfo kuwa, na Dadin Kowa a nan Gombe ko na Gubi a Bauchi, idan yana warin maganin tace ruwa, tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana. Gwada ganye ɗaya da ruwa iri biyu, na gidanka da na gora ko na leda mai kyau. Bambancin zai ba ka mamaki. Kada kuma ka yi amfani da ruwan da ya kwana a filas, ko butar da ta saba da citta da kanumfari.

12. Ke nan ba a sa sukari da madara? Shayin mai shayi da ataya fa, kana raina su ne?

Subhanallahi, ina ni ina raina abin da ya raine ni. Shayin mai shayi mai kauri da burodi da ƙwai abincin safe ne, kuma ganyen CTC don shi aka yi shi. Ataya kuma zumunci ce. Koren ganyen nan na Sin, wanda ake gani da lamba 3505 ko 41022 a kwali, yana jure tafasa har zagaye uku, kuma sukari da na'a-na'a sun dace da shi. Kowanne da gurbinsa.

Roƙona ɗaya ne: ganyen tsauni mai tsada, ba shi kofin farko shi kaɗai. Madara tana kama sinadaran bauri, tare da su kuma ta rufe ƙamshi. Citta da kimba da masoro sun fi ƙarfinsa nesa. Idan ba ka iya sha ba zaƙi, ci dabino a gefe, ko ka sa rabin cokalin sukari kana ragewa sannu a hankali. Na Silon da na Kenya da na Mambila suna ɗaukar 'yar madara. Ulon da kore ba sa ɗauka.

13. Yaya zan gane mai kyau kafin in biya?

Nemi a buɗe maka. Ganyen ya zama cikakke, girmansa kusan ɗaya, ba gari a gindin leda, ba itatuwa da yawa. Ɗora kaɗan a tafin hannu, hura masa numfashi, ka shaƙa. Idan warin kwali ko na rima ka ji, bar shi. Gwaji mafi gaskiya bayan an jiƙa ne: baza jiƙaƙƙen ganyen a faranti, mai kyau zai koma siffar da yake da ita a bishiya, ka ga toho da ganyensa.

A kan kwali, nemi sunan yanki ko na gona da lokacin tsinka. Shayin Silon zalla da aka ƙulla a Siri Lanka yakan zo da tambarin zaki riƙe da takobi. Darjilin kuwa tun 2004 dokar Indiya ta kare sunanta, saboda yawan masu laƙaba shi a kan ganyen da ba na can ba, don haka Darjilin mai arha ƙwarai abin tuhuma ne. Haruffa irin OP ko FTGFOP girman ganye da yawan toho suke nunawa, ba alƙawarin daɗi ba ne, kuma harafin O da ke cikinsu, wato Orange, ba shi da alaƙa da lemo.

14. Malam, ni uwargida ce. A ina zan ajiye shi, ga zafin Gombe?

Hajiya, ganyen shayi mazuƙin wari ne. Idan kika ajiye shi kusa da daddawa, ko yaji, ko turaren wuta da humra, cikin kwanaki zai koma su. Sa shi a gwangwani mai rufuwa ruf, wanda haske ba ya ratsawa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da murhu. Hunturu ba ya cutar da shi. Laimar Agusta da zafin Afrilu ne abokan gabarsa. Kada ki sa wanda aka riga aka buɗe a firji, domin duk fitarwa raɓa ce ke sauka a kansa, ga ɗauke wuta. Saya kaɗan kaɗan. Kore da ulon mara gashi a shanye su cikin 'yan watanni. Baƙi yakan kai shekara ɗaya zuwa biyu.

15. Yana hana barci? Mai ciki da mai ƙarancin jini fa?

Yana da kafeyin kamar kowane shayi, kusan rabin abin da ke cikin kofin gahawa, kuma toho ya fi tsohon ganye yawansa, saboda haka kada rashin duhun ruwan ya ruɗe ka. Wanda barci ke yi wa wuya ya tsaya daga La'asar. Likitoci da yawa suna shawartar mai ciki kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a rana, kuma ta tambayi ma'aikatan awo. Shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake da ganyaye, don haka mai ƙarancin jini ya bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Masu tallar cewa yana warkar da ciwon suga ko hawan jini, kada ka ajiye maganinka saboda su.

16. Da wanne zan fara?

Fara da abin da ke kusa da harshenka: baƙin Silon na tudu mai cikakken ganye, ko Darjilin tsinka ta biyu. Giram 50 ya ishe ka kofi 20, ban da zubi na biyu. Ranar da kake da natsuwa, jera kofuna uku na gilashi: ɗaya shayin jakar da ka saba, ɗaya na Mambila, ɗaya sabon ganyen. Ruwa iri ɗaya, lokacin jiƙawa iri ɗaya ba bambanci, ba sukari, kamar yadda na faɗa a amsa ta 10. Kurɓi wannan, kurɓi wancan, kana kuskure baki a tsakani, ka koma kansu bayan sun huce. Idan ka saba da waɗannan, sai ka matsa zuwa ulon. A shagona ranar Juma'a bayan La'asar muke yin wannan jeri, kuma kofin da ake fara shanyewa yakan canza daga mako zuwa mako.